Mahaƙan Rijiyar Tururi

Tsohon mahaƙin rijiya ba ya isa fili ya kama sara. Sai ya zaga tukuna. Ya dubi inda suri ya tsaya, ya dubi itacen da bai zubar da ganye ba har tsakiyar bazara, ya ɗebi ƙasa ya murza a tafin hannu, sannan ya ja da'ira da tsinin sandarsa ya ce, a nan. In ya dace, gari ya sha ruwa har jikoki. In ya kuskure, an yi asarar wahalar wata guda. To, akwai wasu mahaƙa a duniya da aikinsu ke nan sak, sai dai rijiyarsu kan kai zurfin kilomita uku, abin da suke nema a gindinta tururi ne, kuma kuskurensu ɗaya kan lashe dala miliyan biyar ko shida. Daga cikin waɗanda suka fi gwanancewa a yau akwai 'yan Kenya, kuma yadda gwanintar ta iso hannunsu labari ne da ya ratsa ƙasashe da dama.

Olkariya na kudu da tafkin Naibasha, tafiyar kamar kilomita 120 daga Nairobi, a cikin babban kwarin nan da ya tsaga gabashin Afirka daga Jibuti da Habasha ya gangara kudu. A can ɓawon ƙasa ya yi siriri, narkakken dutse ya matso kusa. Wurin gandun namun daji ne, saboda haka za ka ga raƙumin dawa na kiwo a gefen manyan bututai, farin tururi na tashi bayansa. Daga wannan fili da makwabtansa Kenya ke samun kusan megawat 1,000, fiye da kashi 40 cikin 100 na lantarkin da take samarwa. Ba ruwan wutar da fari, ba ruwanta da farashin man dizal, dare da rana tana nan.

Abin da ke ƙarƙashi tukunya ce a kan murhu. Narkakken dutse shi ne wutar. Ruwan sama da ya tsiyaye cikin tsagogin duwatsu tsawon shekaru aru-aru shi ne ruwan girkin. A sama kuma akwai shimfiɗar yumɓu da ta zama murfi, ta hana zafin tsira. Saboda nauyin da ke danne shi, ruwan kan kai digiri 250 ko 300 bai tafasa ba. Da an huda murfin ya sami hanya, sai ya taso da gudu, rabi ruwa rabi tururi, a raba su a wata tukunyar ƙarfe, a tura tururin ya juya farfelar inji. Faɗar wannan ba wuya, tun 1904 aka kunna 'yan ƙwayayen lantarki da tururin ƙasa a Lardarello ta Italiya, a 1958 kuma Niyu Zilan ta buɗe tashar Wairakei. Wuyar ita ce sanin inda za a huda. Zafi kaɗai ba ya isa. Dutse na iya zama da zafi kamar garwashi amma a toshe yake, ba tsagar da ruwa zai bi. Abin da ya faru a Olkariya ke nan a shekarun 1950: aka haƙa rijiyoyi biyu, aka tarar da zafi, tururin kirki bai fito ba, aka tattara kaya aka tafi. Sai a farkon shekarun 1970, da hukumar raya ƙasashe ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta haɗa hannu da gwamnatin Kenya aka kawo masana suka auna filin da kyau, sannan aka dace. A 1981 injin farko mai megawat 15 ya tashi.

Inji a kasuwa ake saye, kuma an saya: na farkon ƙirar Mitsubishi ne, daga baya Toshiba ta kawo nata. Ido da kunnen da ke gane ƙasa ne ba a sayarwa, sai an zauna gaban malami. Malamin kuwa wata 'yar ƙasa ce can kusa da ƙarshen arewacin duniya, Aisilan, wadda mutanenta ba su kai rabin miliyan ba, amma kusan gida tara cikin goma ruwan zafin ƙasa ne ke ɗumama shi. Daga 1979 suka fara karɓar ɗalibai daga ƙasashe masu tasowa a Rekyabik, ƙarƙashin Jami'ar Majalisar Ɗinkin Duniya, tun 2020 kuma ƙarƙashin inuwar UNESCO. Tsarin ya fi kama da almajiranci fiye da jami'a. Wata shida ne. Ba a ɗaukar wanda bai taɓa aikin ba, sai ma'aikacin da ke da kujerar da zai koma. Ana haɗa shi da gwani guda, sau da yawa ma ya zo da bayanan rijiyoyin ƙasarsu a jaka, a baje su a tebur a yi ta bita tare. Sama da mutum 700 daga ƙasashe fiye da 60 sun bi ta nan, 'yan Kenya kaɗai sun haura 100. Wasu kuma sun yi karatunsu a Okland ta Niyu Zilan, ko Fisa ta Italiya, ko Kiyushu ta Japan. To me suka koyo?

Masu neman inda za a huda su uku ne. Na farko mai tafiya ne a ƙasa, da guduma da littafi. Yana neman tsagogi, da inda dutse ya ruɓe ya koma ja ko fari saboda tururi ya daɗe yana dafa shi. A Olkariya har wata 'yar ciyawa ce da ke son ƙasa mai ɗumi, in ya ga ta yi dandazo ya san ƙarƙashinta ba lafiya ba. Labarin zuciya a tambayi fuska.

Na biyun shi ya fi ba ni mamaki, mai ilimin sinadarai. Zai tsuguna bakin ramin da ke huci, warin farar wuta kamar baragurbi na dukan hancinsa, ya tari tururin a kwalba. Ko ya ɗebi ruwan maɓuɓɓuga da bai fi ɗumin shayi ba, ya kai ɗakin gwaji, ya dawo ya ce maka can ƙasa ruwan nan ya kai digiri 260. Ba duba ba ne. Ruwa mai zafi yakan narkar da wani abu daga jikin dutse, kuma yawan abin da yake narkarwa ya danganta da zafinsa. Silika, wato sinadarin da ke cikin yashi, tana ƙaruwa in zafi ya ƙaru. Haka ma rabon sodiyam da fotasiyam ke sauyawa. Ruwan zai huce a hanyarsa ta fitowa, amma abin da ya kwaso na nan a jikinsa, kamar matafiyin da ƙurar ƙafarsa ke faɗin garin da ya fito. Ruwa ba ya tsami banza. Gwanintar tana wajen gane ruwan da ya yi ƙarya, wanda ya gauraya da na sama a hanya, ko wanda ya tafasa ya zubar da rabin shaidarsa. Sabon shiga zai sa lamba a lissafi ya yarda da amsar. Tsohon hannu sai ya tambaya tukuna, wannan ruwan daga ina?

Na uku shi ke leƙa ciki ba tare da ya haƙa ba. Yana binne 'yan sanduna da naɗaɗɗun wayoyi a ƙasa, ya bar su su kwana. Abin da suke saurare shi ne lantarkin da walƙiyar duniya da iskar rana ke cusawa cikin ƙasa kullum, ba tare da kowa ya kunna komai ba. Yumɓun murfin nan lantarki na ratsa shi cikin sauƙi, dutsen da ke ƙarƙashinsa, inda zafi ya haura digiri 230, ba ya ratsuwa haka. In an auna wurare ɗari ko fiye aka haɗa a kwamfuta, sai siffar murfin ta bayyana kamar kifaffiyar ƙwarya, kuma inda ƙwaryar ta fi tudu, galibi nan zafi ya fi matsowa. Amma nan ma akwai tarko, domin yumɓu ba ya mantuwa. Zai ci gaba da nuna siffar zafi ko da wutar ta mutu shekaru dubbai da suka wuce. Shi ya sa ba a barin mutum ɗaya ya yanke hukunci. Su ukun kan zauna su yi ta musu a kan taswira har su yarda da hoto guda, sannan wani ya ɗora yatsa.

Daga nan sai mahaƙa. Hasumiyar ƙarfe, aiki dare da rana, wata biyu ko kusa da haka. Ba lalle rijiyar ta miƙe sambal ba, sukan karkata bakin haƙan a can ƙasa ya nufi tsagar da ke nesa da inda suka tsaya, ta haka daga dandali ɗaya ake sakin rijiyoyi da yawa, a bar wa namun daji filinsu. Kowane mita biyu ana tarar ɓarɓashin dutsen da lakar haƙa ta fito da shi, a wanke, a miƙa wa wanda ke zaune a 'yar rumfa da madubin ƙara girma. Ran da ya hango wani ɗan ƙyalli kore-kore mai ruwan ɗorawa da ake kira efidot, ya san an shiga dutsen da ya taɓa kai digiri 240.

Akwai wani abu a sana'ar nan da ke juya hankali. Mai haƙar man fetur in ruwan da yake turawa ya ɓace bai dawo sama ba, hankalinsa tashi yake. Mai haƙar tururi in ya kai zurfin da yake so ruwa ya ɓace, murna yake, don ya faɗa tsaga ke nan, kuma tsagar da ta shanye ruwa ita za ta ba da tururi. Sai dai daga nan ba ɓarɓashin da zai sake fitowa, haƙan makafi ake yi, mahaƙin na karanta rijiyar daga nauyin ƙarfe da yadda yake murɗawa a hannunsa. In ya yi sake sandar ta maƙale, in ruwan sanyi ya yanke rijiyar ta farka ta yi aman tururi kafin a shirya mata. Da an gama kuma ba a san sakamako ba. Ruwan haƙa ya sanyaya dutsen, dole a rufe a jira makonni ya koma zafinsa. Ranar buɗewa kowa ya toshe kunne. Rijiya mai megawat 5 an gode Allah. A 2014 aka sami wata a Olkariya da ta ba da kimanin 30 ita kaɗai.

Wannan jiran shi ya sa 'yan kasuwa ke tsoron rijiyoyin farko, kuma nan ne kuɗin ƙasashen waje ya fi amfani. A 2012 Tarayyar Afirka da bankin raya ƙasashe na Jamus da Tarayyar Turai suka kafa wani asusu da ke ɗaukar wani kaso na kuɗin bincike da na haƙan gwaji a gabashin Afirka. Bankin Duniya da Japan da Faransa da Jamus da bankin zuba jari na Turai sun ba da bashin gina tashoshin Olkariya, wani kamfanin Sin ya haƙa rijiyoyi da dama da bashin ƙasarsu. Ba zan ce komai ya tafi sumul ba. Bashi bashi ne, kuma iyalan Masai da aka tayar daga matsuguninsu a 2014 don gina tasha ta huɗu sai da suka kai ƙara ga masu ba da bashin. Wanda ya iya karanta dutse ba lalle ya iya sauraren makiyayi ba.

Mai karatu zai ce, mu fa? Muna da ruwan ɗumi na Wikki a Yankari, wanda ke zaune a digiri 31 rani da damina, akwai na Tafadek kusa da Agadas. Ɗumin wanka daban, tururin juya inji daban, kuma abin da zai raba gardamar shi ne irin kwalbar nan da irin wayoyin nan a hannun wanda ya san aikinsu.

Tun 2005 malaman Aisilan ke zuwa Kenya duk shekara ana gajeren kwas a bakin tafkin Naibasha, ɗalibai na zuwa daga Habasha, Yuganda, Tanzaniya, Jibuti, Ruwanda da sauransu. Da farko baƙi ne ke tsaye gaban allo. Yanzu mafi yawan darussan 'yan Kenya ne ke bayarwa, ma'aikatan KenGen, kamfanin samar da lantarki na Kenya, da na wani kamfanin gwamnati da aka kafa a 2008 don haƙan tururi, waɗanda su ma a Rekyabik aka koya musu. A 2019 KenGen ya sami kwangilar haƙa a Aluto da Tulu Moye cikin Habasha, a 2021 kuma Jibuti ta ɗauke shi ya haƙa mata rijiyoyi kusa da tafkin Asal, inda ruwan ƙasa ke da gishirin da kan toshe bututu. Can ma haka aikin yake: kowane mita biyu a tari ɓarɓashi, a wanke, a kai rumfa, wani ɗan Kenya ya sa ido a madubi, ɗan ƙasar na tsaye a kafaɗarsa yana jiran a matsa masa ya duba.