Darasin Zuwan Nasara a Lakwal ɗin Gangara

Duk wanda ya zauna a benci a lakwal ta ƙasar Nijar ya san yadda darasin tarihi yake tafiya. Mushe zai yi bayani na ɗan lokaci, ya juya ga allo ya rubuta taƙaitaccen darasi da Faransanci, yara su kwafa a littafi, su tafi gida su haddace, in an dawo a riƙa tada su ɗaya bayan ɗaya suna kawo hadda. Da an kai manyan azuzuwan firamare sai a iso babin zuwan Nasara, kuma kusan kullum kashi uku ake yi masa: masu yawon binciken ƙasa, yaƙin mamaya, sai sarakuna da jarumawan da suka yi turjiya. Yaron Gangara, can kudancin Gazawa kusa da iyakar Katsina, zai iya faɗa maka cewa René Caillié ya shiga Tumbutu a 1828, an kuma yi taron Berlin daga 1884 zuwa 1885. Abin da darasin bai cika nuna masa ba shi ne, mafi munin abin da ya faru a wannan babi a ƙasar kakanninsa ya faru, a garuruwan da mutanen gidansu ke zuwa cin kasuwa.

Wannan rabo gida uku gadon lakwal ɗin mulkin mallaka ne. Littattafan da aka yi wa yaran Afirka ta Yamma a lokacin, irin su Moussa et Gi-gla na 1916 da Mamadou et Bineta da ya biyo baya, sun koyar da cewa Faransa ta zo ne ta kashe wutar yaƙe-yaƙe da cinikin bayi. A wannan labari, mai yawon bincike mutum ne marar makami wanda son sani ya fito da shi, sojan da ya biyo shi kuwa wani mutum ne daban. Bayan samun ƴancin kai a 1960 an ƙara kashi na uku, na masu turjiya, amma ba a taɓa katangar da ke tsakanin na farko da na biyu ba. Nan ne nake ganin darasin yake yaudarar yaro ba tare da ya faɗa masa ƙarya ko ɗaya ba.

A duba Parfait-Louis Monteil, wanda a Nijar shi ne babban misalin mai bincike. Hafsan soja ne. Ya tashi daga Saint-Louis ta Senegal a 1890, ya ƙetare Kwara a Say, ya isa Sakkwato a 1891 inda ya ƙulla yarjejeniya da Sarkin Musulmi Abdurrahman, ya bi ta Kano zuwa Kukawa, ya ratsa hamada ya fita Tarabulus a ƙarshen 1892. Me ya fito da shi? A 1890 Faransa da Ingila sun ja layi a takarda daga Say zuwa Barruwa a bakin tafkin Chadi, suka ce arewa ta Faransa, kudu ta Ingila, alhali ba wanda ya san abin da ke bisa layin. Aikin Monteil shi ne ya je ya gano abin da aka raba: ina rijiyoyi, ina hatsi, wane sarki ke da dawaki nawa. Kyaftin Cazemajou da ya biyo sawunsa shi ma a jerin masu bincike ake sa shi, amma fadar Damagaram ba ta ɗauke shi haka ba. Ta yi zargin hanyarsa ta zuwa wajen Rabe, mai mulkin Barno a lokacin, ce, aka kashe shi a Zinder ranar 5 ga Mayun 1898 a zamanin Sarki Ahmadu Kuran Daga. Jinin nan ne Faransa ta riƙe hujja da ta dawo bayan shekara guda. Yaron da aka koya wa Monteil a mako ɗaya, aka koya masa mamaya a wani makon, ba zai gane cewa taswirar na farko ce na biyu ya riƙe a hannu ba.

Rundunar da ta dawo ita ce ta Kyaftin Paul Voulet da Julien Chanoine, ɗan janar ɗin da ya riƙe ma'aikatar yaƙi ta Faransa a 1898. Sun baro bakin Kwara a farkon 1899 da nufin isa tafkin Chadi. Turawan da ke ciki ba su kai goma ba. Sauran duk baƙar fata ne: sojoji ɗaruruwa, ƴan dako da aka kamo da ƙarfi, da mata da aka kwaso a hanya. Taro irin wannan ba ya tafiya sai da abinci da ruwa, kuma ba su zo da guzuri ba, don haka duk garin da suka sauka sai an kwashe rumbunansa, in ya yi gardama a sa masa wuta. A watan Afrilu suka yi karo da mutanen Sarauniya a Lugu. A watan Mayu suka afka wa Birnin Ƙonni suka yi kisan da har yau ake ba da labarinsa, duk da cewa a yarjejeniyar Faransa da Ingila ta 1898 garin yana ɓangaren Ingila. Daga nan suka nufo gabas ta ƙasar Gobir da Katsinar Maraɗi. Labari ya riga ya kai Paris ta wasiƙar Laftana Peteau, wanda aka kora daga rundunar, sai aka turo Kanar Klobb ya bi bayansu. Ba sai ya yi tambayar hanya ba, ƙonannun garuruwa da gawawwaki ne suka ja shi. A Koran Kalgo, tsakanin Maraɗi da Tasawa, ya tarar da yara mata rataye a itace. Ranar 14 ga Yuli ya cim ma Voulet a Dankori, Voulet ya sa aka buɗe masa wuta. Bayan kwana biyu sojojin suka juya wa shugabanninsu, suka kashe Chanoine ranar 16, Voulet kuma ranar 17. Kaburburansu suna Maijirgi, gabas da Tasawa, a bakin babbar hanyar da ta taso daga Maraɗi ta ratsa Agye da Gazawa ta nufi Zinder.

Daga Gangara zuwa can tafiyar wuni ɗaya ce a je a dawo. Ban ga dalilin da zai sa darasin ya fara daga Saint-Louis ba alhali zai iya farawa daga Maijirgi, ya koma baya yana tambaya: su wane ne waɗannan, daga ina suka fito, wa ya aiko su?

Akwai kuma abin da taƙaitaccen darasi ke tsallakewa. Mutuwar Voulet ba ta tsayar da komai ba. Sauran hafsoshin, Pallier da Joalland da Meynier, suka ci gaba da rundunar nan dai, suka karya mayaƙan Damagaram a Tirmini, suka shiga Zinder a ƙarshen Yulin 1899, aka kashe Kuran Daga bayan ƴan makonni. A Afrilun 1900 Joalland da Meynier suka haɗu da rundunar Foureau da Lamy da ta Gentil suka kashe Rabe a Kusuri. Binciken da aka buɗe a Faransa kuwa an rufe shi da cewa zafin Sudan ne ya taɓa ƙwaƙwalwar Voulet da Chanoine. Malamin da ya nuna Voulet a matsayin mahaukaci shi kaɗai, ko da nufinsa ya la'ance shi ne, bayanin gwamnatin Faransa ta wancan lokaci yake maimaitawa.

Yanzu iska ta juya. Tun bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 ana ta sauke sunaye ana ɗora wasu. A Oktoban 2024 titin Charles de Gaulle na Yamai ya koma titin Djibo Bakary, aka cire hoton Monteil daga dandalinsa aka sa na Thomas Sankara. An ƙirƙiro lambar girma da sunan Sarauniya Mangu. A 2025 kundin da ke tafiyar da ƙasa ya ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa, Faransanci ya koma harshen aiki. Ba ni da ja da ko ɗaya daga cikin waɗannan. Tsorona shi ne a aji a sauya sunayen da ake haddacewa a bar haddar yadda take: jiya Monteil jarumi, yau masu turjiya irin su Sarauniya da Kawusan da Alfa Saibu, yaro kuma yana nan yana rera abin da bai tauna ba.

Labarin Sarauniya kansa ya isa misali. Sarautar tana nan a Lugu, yaƙin kuma an yi shi. Amma surar da yawancin ƴan Nijar ke ɗauke da ita a ka, ta jarumar da ta haɗa kan jama'a ta gagari Nasara, ta fito ne daga littafin ƙagaggen labari na Abdoulaye Mamani na 1980 da fim ɗin Med Hondo na 1986, wanda ya ci babbar kyautar FESPACO a Wagadugu a 1987. Masu nazari irin su Antoinette Tidjani Alou da Elara Bertho sun nuna yadda marubucin ya faɗaɗa abin da takardun Faransawa suka ambata a taƙaice, kuma abin da tsofaffin Lugu ke faɗa ya sha bamban da na littafin a wurare da dama. Wannan bai rage mata daraja ba. Yaro ɗan shekara goma sha biyu zai iya gane cewa akwai abin da soja ya rubuta, akwai abin da kaka ta faɗa, akwai abin da marubuci ya ƙaga, kuma kowanne da dalilinsa. In ya gane haka ya fara koyon tarihi ke nan.

Wuri mafi wuya ga malami a wannan yanki shi ne batun namu hannun. In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Hannun da ya harbi mutanen Ƙonni baƙi ne, na sojojin da aka ɗebo daga ƙasashen Bambara da Mosi, wasunsu su ma kamo su aka yi. Ƙasar da Nasara ya tarar kuma ba a zaune lafiya take ba. Maraɗi kanta mafakar sarakunan Katsina ce da jihadi ya kora, Tibiri ta Gobirawa ce bayan Gawakuke a 1836, kuma kusan ƙarni guda ana kai hari tsakaninsu da ƙasashen Sakkwato, ga Damagaram ta gabas tana nata. A cikin wannan hali akwai sarakunan da suka ga baƙon da ke da bindiga abokin ƙawance ne a kan maƙwabci, suka karɓe shi, aka tabbatar musu da sarauta. Jikokinsu da jikokin waɗanda aka ƙone wa gari suna zaune a benci ɗaya. Na fahimci malamin da ya ga gara ya tsallake wannan shafi, musamman in shi baƙo ne da aka turo garin aiki. Sai dai yara suna jin labarin a gida ko an faɗa a aji ko ba a faɗa ba, kuma sau da yawa a mummunar siga suke jin sa.

Wani abin da ya dace da Gangara fiye da ko'ina shi ne iyaka. Yankin nan ba a yaƙi ɗaya ya faɗa hannun Faransa ba, a teburi aka miƙa shi. Yarjejeniyar 1898 ta ja da'ira mai nisan mil 100 daga Sakkwato ta bar wa Ingila, abin da ya tilasta wa Faransawa bin hanyar da ba ruwa in za su Zinder daga Kwara. Suka yi ta kuka har aka gyara layin a 1904 da 1906, sannan tawagar Kyaftin Tilho da takwaransa na Ingila O'Shee ta bi ƙasa tana kafa alamu daga 1906 zuwa 1908. Abin da ya sa yaron Gangara ke karatu da Faransanci, ɗan kawunsa na ƙasar Katsina kuma da Ingilishi, ke nan: neman rijiyoyin da ayarin soja zai sha. Ba na jin akwai darasin da zai kama hankalin yaro kamar wannan, domin iyakar yana ganin ta, kakarsa tana ƙetare ta zuwa biki.

Zaman Nasara a nan ma ya bambanta da na Aljeriya, inda Turawa suka ƙwace gonaki suka zauna da iyalansu. A ƙasar Maraɗi Bature ɗaiɗai ne: kumandan a Tasawa, daga baya a Maraɗi, da tafinta da gardawansa. Talaka ya san mulkin ne ta hanyar lanho, wato haraji, da dole a biya da kuɗin Faransa, da aikin tilas na hanya da gini wanda sai a 1946 aka soke shi, da ɗibar samari soja, da gyaɗar da aka riƙa nomawa don a sami kuɗin lanhon. Tsofaffin da suka ga ƙarshen wannan zamani da idonsu sun kusa ƙarewa, amma ƴaƴansu suna nan, kuma aikin gida da zai ce wa yaro ya je ya tambayi kakansa yadda ake karɓar lanho ba ya bukatar littafi ko sisin kwabo. Abin da yake bukata shi ne a yarda yaro ya kawo amsar da Hausa. Gwajin koyarwa da harshen gida ya fara tun 1973 a Zinder, kuma masana irin su Djibo Hamani da André Salifou sun rubuta tarihin nan tun da daɗewa, amma da Faransanci, ga manya.

In kuwa dole sai an yi babin masu yawon bincike, ga wanda zan so a ƙara. Heinrich Barth, Bajamushen da Ingila ta aiko, ya bi ta Tasawa da Gazawa a Janairun 1851 a hanyarsa ta zuwa Katsina da Kano, ya rubuta abin da ya gani. Cikin masu yi masa hidima akwai wani yaro Bahaushe ɗan ƙasar Damagaram, Dorugu, wanda aka kama bawa yana ƙarami, abokin tafiyar Barth mai suna Overweg ya ƴanta shi. Dorugu ya bi Barth har Tumbutu, ya ratsa hamada da shi, ya isa Landan a 1855, ya ga Jamus. Ya ba da labarin tafiyarsa da Hausa, wani mai wa'azin Kirista, J. F. Schön, ya rubuta shi, aka buga a littafin Magana Hausa a 1885. A ciki yana duban Turawa da abincinsu da al'adunsu da idon baƙo, kamar yadda Barth ya dubi Gazawa. Ya dawo ƙasar Hausa, ya ƙare rayuwarsa yana koyarwa a makarantar Nassarawa ta Kano, ya rasu a 1912. Lokacin da ya fara wannan tafiya bai wuce sa'an ƴan ajin ƙarshe na firamare ba, kuma labarinsa a rubuce yake da harshen da suke magana da shi.