Ƙugiyar Baƙi Ba Aibi Ba Ce

Kwanakin baya na kai aikin tambarin ƙungiyarmu wani shagon buga fosta. A cikin sunan akwai kalmar ƘASA, amma da samfuri ya fito sai na ga KASA. Na tambayi saurayin da ke kan kwamfuta, ya ce, "Baba, ƙugiyar ce ke ɓata tsari, gefe ɗaya sai ya rinjayi ɗaya." Abin ya tsaya mini a rai, domin ba shi kaɗai ke da wannan tunani ba.

Yayin da ake ciki yanzu shi ne tambarin da in ka tsaga shi biyu, dama da hagu za su fito kamar an kafa madubi a tsakani. Shi ya sa masu zane ke son A, H, M, O, T, U da W. Su kuwa Ɓ, Ɗ da Ƙ, da suka miƙo ƙugiya ta gefe guda, sai a yanke musu ita a wuce.

Ina ganin an yi wa daidaito gurguwar fahimta. Manyan baƙaƙen boko sun samo siffarsu daga rubutun Rumawa, irin wanda aka sassaƙa a gindin ginshiƙin sarki Trajan a birnin Rum a shekarar 113. Duba A ɗin da ke wurin: ƙafar hagu siririya, ta dama kakkaura. Ko a littafin da ke hannunka, juya shafin ƙasa ta koma sama ka dubi S da B, za ka ga kansu ya yi nauyi, domin tun farko an ƙanƙanta rabin sama don baƙin ya zauna daram a ido. Magabatan wannan sana'a da ido suke awo.

Haka abin yake a rubutun Larabci. Ibn Muƙla, wazirin Bagadaza da ya rasu a 940, ya auna kowane baƙi da ɗigon alƙalami da tsayin alif, bai nemi gefe ya yi kama da gefe ba. Je ka tsangaya ka ga alaramma yana rubuta Alƙur'ani da alƙalamin kara: wawu da ra sun zubo jela hagu, amma shafin ya tsaru tsaf. Inda ake son dama ta yi daidai da hagu, zayyana ce ke ɗaukar wannan aiki, baƙi kuma a bar shi da siffarsa.

Ga kuma ma'ana. Ƙasa daban, kasa daban. Baƙi ba baki ba ne, ɓari ba bari ba ne. Tun shekarun 1930 aka shigo da waɗannan baƙaƙe cikin rubutun Hausa, taron UNESCO na Bamako a 1966 kuma ya tabbatar da su. Yaron da ke koyon karatu daga allunan bakin titi, abin da ya gani shi zai ɗauka daidai ne.

Roƙona ga matasanmu masu zane: ku zaɓi salon rubutun da ke da Ɓ, Ɗ da Ƙ. In ƙugiya ta ja nauyi gefe guda, ku gyara tazarar baƙaƙen har kalmar ta zauna. Da na roƙi saurayin nan ya gwada haka, cikin 'yan mintoci ƘASA ta tsaya da ƙugiyarta, shi da kansa ya ce ta fi kyau.