Wa ke biyan nauyin shafi?

Matashi ya koyo React a Tawa ko Yamai, ya dawo Ƙonni, dillalin albasa ya ba shi aikin shafin farashi. Kafin ya rubuta layi ɗaya ya riga ya jibgo React Router, don haka ya ga ana yi a YouTube. Wannan ɗabi'ar ce nake ja da ita.

Aikin mai raba hanya a cikin shafi bai wuce na ɗan kamasho a tasha ba: ya dubi adireshi, ya ce wannan na Galmi ne, wancan na Malbaza, kowa ya shiga motarsa. Burauza ma ta riga ta yi rabin aikin. Da pushState ake canza adireshi ba tare da an sake loda shafi ba, popstate kuma ke sanar da kai an danna komawa baya. Saura daidaita adireshi da ɓangaren da za a nuna. Shi ya sa ƙaramin mai raba hanya irin wouter ya tsaya a wajen kilobait 2.

React Router ba shi da laifi. Tun 2014 yake yi wa manyan ayyuka hidima. Amma mai buɗe shafin nan yana tsaye ne a bakin buhuna, da 'yar Itel mai tsagaggen gilashi, rezon Airtel ko Moov ya faɗo zuwa E. Allo fari fat, megarsa na zuba, batir na ƙonewa. Kowane kilobait shi ke saye.

Sai dai masu rubuta nasu mai raba hanyar da hannu su ma suna da kasala. Ƙarami ba ya nufin gurgu. Abu biyu ba na yafewa. Maɓallin baya na Android dole ya mayar da mutum inda ya fito, kada ya jefo shi waje. Sannan idan aka tura /albasa/galmi ta WhatsApp ga abokin ciniki a Illela, ta nan ko ta tsallaken iyaka wajen Sakkwato, dole farashin ya buɗe kai tsaye. Nan da yawa ke faɗuwa: sun manta su saita saba ta riƙa miƙa index.html ga kowane adireshi, sai 404 ta tarbi baƙo. Wanda ba shi da iko da sabarsa, ya sa alamar # a adireshin. Ba ta da kyan gani, amma tana buɗewa.