Tarihin Talaka Tsakanin Adanawa da Bayyanawa: Tsokaci a Kan Littafin Plotnicov Game da Jos

1.0 Gabatarwa

Galibin tarihin da aka rubuta a Arewacin Nijeriya na sarakuna ne da malamai. Ba kasafai ake jin muryar talaka ba, sai a ayyuka ƙalilan, irin su labarin Dorugu da J.F. Schön ya buga cikin Magana Hausa (1885), da Baba of Karo (1954) wanda Mary Smith ta ɗauko daga bakin wata dattijuwa a Giwa ta ƙasar Zazzau. Wannan maƙala za ta dubi wani aiki makamancin waɗannan, wato Strangers to the City (1967) na Leonard Plotnicov, domin tattauna tambaya guda: shin duk labarin da ya cancanci a adana shi ya cancanci a baza shi?

2.0 Littafin da Gudummawarsa

Plotnicov ya yi bincikensa a Jos a farkon shekarun 1960, ya kuma gina littafin a kan rayuwar mutum takwas daga ƙabilu daban-daban. Zaɓen Jos ya dace, domin gari ne da haƙar kuza da hanyar jirgin ƙasa suka tara masa jama'a daga ko'ina. Ƙarfin aikin shi ne ya nuna mazaunin birni a matsayin mutum mai dangi da sana'a da buri, maimakon adadi a cikin jadawali.

Sai dai ta fuskar harshe akwai rauni. Labaran sun iso ga mai karatu cikin Ingilishi, bayan sun bi ta hannun manazarci. Karin magana da habaici da salon mai labari ba su cika tsira daga fassara ba. Haka kuma dukkan mutanen maza ne, saɓanin aikin Smith.

3.0 Matsalar Amana

Littafin ya fito ne bayan kashe-kashen 1966, waɗanda suka shafi Jos. Daga bisani rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun ƙara tsananta gardamar wane ne ɗan ƙasa, wane ne baƙo. A irin wannan yanayi, dattijon da ya faɗi garin da mahaifinsa ya baro da shekarar zuwansa yana iya bayar da hujjar da za a yi wa jikokinsa amfani da ita. Sauya suna kuwa ba ya wadatarwa a unguwar da kowa ya san kowa, domin sana'a da yawan 'ya'ya kaɗai suna iya tona mutum. Magana zarar bunu ce.

Amma ɓoyewa gaba ɗaya ita ma asara ce, tunda waɗannan labarai su ne shaidar zaman tare da aka yi a garin.

4.0 Kammalawa

Abin da ya kamata shi ne a raba adanawa da bayyanawa. A naɗi labari cikin harshen mai shi, a ajiye asalinsa a ma'adanar jami'a, a ba iyalinsa kwafi. Mai labarin ne zai fayyace abin da za a buga yanzu, da abin da manazarta kaɗai za su gani, da abin da zai jira bayan ransa. Manazarci ɗan amana ne kafin ya zama marubuci.