Salansa, Matatar Iska da Saiti: Yadda Iron 883 Ya Farka

Duk wanda ya ce maka Harley-Davidson Iron 883 babur ne mai sanyin jiki, to wanda ya fito daga kamfani ya hau, bai hau wanda aka buɗe wa numfashi ba. Nawa ƙirar 2016 ne, na hannu, kuma tun da na sa masa salansar Vance & Hines mai haɗe bututu biyu, na ƙara da matatar iska ta Arlen Ness, aka kuma sake masa saitin mai, idona bai ƙara kaiwa kan babur ɗin kowa ba. Wallahi kamar an canza mini shi da dare. Ina murɗa totur yana amsawa nan take, babu jinkiri, babu tari, sai wani ja mai nauyi da ke taso maka tun daga ƙasa har ka ji shi a kafaɗa.

Injin da ke ƙarƙashin tankin nan ya cancanci a kashe masa kuɗi. Kamfanin Harley, wanda aka kafa a Milwaukee ta Amurka a 1903, ya fito da Sportster a 1957, ya sa masa injin Evolution a 1986, kuma wannan injin ne ya yi ta aiki har 2022 da aka daina ƙera Iron 883. Silinda biyu ne a karkace, tsakaninsu digiri 45, sandunan fistin ɗin duka biyu a kan gaɓa ɗaya ta karanshaf. Saboda haka ba sa bugawa daidai wa daida. Ɗaya ya buga, karanshaf ya juya digiri 315 ɗayan ya buga, sannan a yi dogon jira na digiri 405 kafin a sake zagayowa. Wannan ɗingishin shi ne kiɗan da ke sa mutum ya waiwaya tun kafin ya ga babur ɗin. Har kamfanin ya nemi a yi masa rajistar sautin a matsayin tambarin kasuwancinsa a 1994, aka yi ta ja-in-ja da sauran masu ƙera babura, ya janye a 2000. Ka ji injin da aka kai sautinsa gaban hukuma!

To me ya sa yake fitowa daga kamfani a shaƙe? Doka ce. Hukumar kare muhalli ta Amurka ta ƙayyade yawan hayaƙi da ƙarar da babur zai fitar, sai aka matse salansa, aka rufe matatar iska da murfi mai ƙaramar kafa, aka kuma rage man da ke shiga. Ƙarfin yana nan ciki a kwance. Abin da masu Harley ke kira mataki na ɗaya shi ne a taɓa waɗannan wurare uku, ba tare da an buɗe injin ba ko da noti ɗaya.

Salansa ce kowa ke fara ɗoki a kanta, nan ne kuma aka fi zubar da kuɗi a banza. Gajerun bututu biyu miƙaƙƙu, waɗanda babu komai a cikinsu, suna da kyau a hoto, ƙararsu kuma tana tsaga kunne. Amma an yi su ne don tseren miƙaƙƙen layi, inda injin ke ihu a ƙololuwarsa daga farko har ƙarshe. Kai da ke yawo a gari, injinka na juyi tsakanin dubu biyu da dubu huɗu a minti, daidai nan ne suke cinye maka ƙarfi. Ka murɗa ka ji rami a tsakiya, babur na ta hargowa amma ba ya tafiya.

Dalilin yana da daɗin fahimta. Hayaƙi ba ya fita a jere kamar ruwan famfo, dunƙule-dunƙule yake fita, kowane bugu da nasa. Dunƙulen da ya wuce da gudu yana barin tsotso a bayansa. Akwai kuma ɗan lokaci, ƙiftawar ido, da bawul ɗin fitar hayaƙi bai gama rufewa ba, na shan iska kuma ya fara buɗewa. Idan tsotson nan ya iso a daidai wannan lokaci, sai ya share ragowar hayaƙin da ke cikin silinda, ya kuma jawo sabon haɗin iska da mai. Idan kuwa bututun ya yi gajarta ko faɗi da yawa, hayaƙin ya rasa gudu, wani ma ya koma ciki ya gurɓata sabon haɗin. Shi ya sa nake ƙaunar salansa mai haɗe biyu zuwa ɗaya. Bututun gaba da na baya suna haɗuwa a maƙogwaro guda, bugun wannan na jan hayaƙin wancan, kowanne na yi wa ɗan'uwansa aiki. Ana yawan cewa wai injin yana son a ɗan toshe masa hayaƙi don ya yi ƙarfi. Ba toshewar yake so ba, gudun hayaƙin yake so.

Wadda na ɗauka ita ce Upsweep ta Vance & Hines, ta ƙarfen da ba ya tsatsa, mai ɗaga wutsiya sama. Terry Vance da Byron Hines ne suka kafa kamfanin a Kalifoniya a 1979, ɗaya mahayin tsere, ɗayan gwanin injin, kuma za ka ga hannun masu tsere a jikin kayan. Dubi waldar wurin da bututun biyu suka haɗu: layi-layi take a jere, babu tudu babu rami, har mutum ya so ya shafa ta da yatsa. Da ta sha zafi sai wuyanta ya rine, ruwan zinariya kusa da kan silinda, ya dinga duhu zuwa shuɗi-shuɗi. Wasu na goge wannan launi, ni kuwa ina alfahari da shi. Ta fi ta kamfani rashin nauyi sosai, ka ɗaga su biyun da hannu ka ji bambanci, kuma da yake wutsiyarta a sama take, ina kwantar da babur a kwanar dama ba tare da jin ƙarfe na kartar kwalta ba.

Sautinta fa? Kai! Idan babur na tsaye yana aiki, gurnani ne mai kauri, kana jin kowane bugu daban. Ka ba shi wuta ya rikiɗe ya zama ruri guda mai tsabta. Ban cire ƙarfen rage ƙara na cikinta ba, kuma ba zan cire ba. Da shi ja ya fi kyau a ƙasa, sannan ina da maƙwabta masu tsofaffi da jarirai, babu dalilin da zai sa fitata da sassafe ta zama tashin hankalinsu. Masu son wata ƙira ba su rasa zaɓi ba: akwai Thunderheader, akwai Road Rage ta Bassani, akwai SuperTrapp mai faya-fayan ƙarfe a baki, waɗanda kake ƙarawa ko ragewa don daidaita ƙara da ja. Duk 'yan gida ɗaya ne.

Abu biyu ka riƙe wajen ɗaurawa. Ka sa sabon gasket a bakin silinda, kada bakanike ya ce maka tsohon zai yi, domin ƙaramar kafar iska a nan ita ke kawo fashe-fashen da ake ji idan an saki totur. Sannan ka duba ramin sensa mai auna hayaƙi da ke jikin salansa: Sportster na 2007 zuwa 2013 mai milimita 18 yake amfani da shi, daga 2014 kuma mai milimita 12.

Matatar iska ba ta da dogon labari. Big Sucker ta Arlen Ness, gwanin ƙawata babura da ya rasu a 2019, faranti ne da buɗaɗɗiyar matata a zagaye, tururin baƙin mai na injin kuma yana bi ta wasu ɓoyayyun hanyoyi a cikin farantin, babu robobi na reto a waje. Ina son yadda nake jin tana zuƙar iska kusa da gwiwata ta dama duk lokacin da na buɗe wuta. S&S da K&N da Screamin' Eagle na Harley duk suna da masu kyau, kuma a kan injin 883 bambancin da ke tsakaninsu bai kai a yi faɗa a kai ba. Abin lura a wurinmu shi ne ƙura. An ƙera waɗannan kaya ne a ƙasar da ba ta san hazon hunturu ba. Matatar auduga mai mai tana kama ƙura da kyau muddin tana da tsabta da manta, amma idan iskar hunturu ta kaɗa, sai ka ga jar audugar ta koma ruwan ƙasa cikin ɗan lokaci. A wanke da sabulunta, a bar ta ta bushe da kanta, a shafa mai daidai misali. Da damina kuma a ja mata rigar ruwanta.

Yanzu ga zakaran gwajin dafin, wanda ba a ganinsa a hoto, shi ya sa ake raina shi: saiti. Fetur na ƙonewa tsaf idan an haɗa kashi 14.7 na iska da kashi 1 na mai, a ma'aunin nauyi, kuma kusa da nan kamfani ke ajiye injin a tafiyar yau da kullum saboda doka. Amma inda injin ya fi ba da ƙarfi shi ne wajen kashi 13, wato an ɗan ƙara mai. Ka buɗe salansa, ka buɗe matata, iska ta ƙaru, mai kuma yana nan yadda yake. Ka zama maƙerin da ya ƙara zuga bai ƙara gawayi ba. Injin Evolution na Sportster iska ce kawai ke sanyaya shi, ba shi da lagireto, ƙarancin mai kuma zafi yake ƙara masa. Ka haɗa wannan da zafin watan Afrilu da cunkoson titi, sai ka ji cinyarka na gasuwa, fulogi ya yi fari fat, injin ya fara ƙwanƙwasa idan ka matsa masa. Sensa ɗin kamfani na iya ɗan gyarawa a tafiyar hankali, amma ikonsa kaɗan ne, kuma idan ka murɗe totur har ƙarshe ba ya cikin lissafin ma.

Fuelpak FP3 na Vance & Hines shi ya warware mini wannan, kuma har yau ina mamakin sauƙinsa. Ɗan akwati ne da bai cika tafin hannu ba. Ka cire murfin gefen hagu, ka soka shi a soket mai baki shida da ke kusa da batir, ka haɗa shi da wayarka ta Bluetooth. Manhajar ta tambaye ka irin salansarka, ta kawo maka taswirar mai da aka tsara don ita, ka danna, ta rubuta ta a ƙwaƙwalwar babur. Saitin kamfani yana nan a ajiye, duk ranar da ka so ka mayar. Yana da kuma wani tsari da yake koyon injinka da kansa: ka yi ta tafiya a giya daban-daban, akwatunan taswirar na canza launi a fuskar waya yayin da yake tattara bayani, ka tsaya ka adana. Yana nuna zafin injin, yana karanta lambar matsala idan fitilar injin ta kama. Abu ɗaya, yana ɗaure kansa da lambar babur guda, don haka a yi hattara da sayen na hannu.

Abin da ya biyo baya shi ne ya sa nake wannan rubutu. Fizge-fizgen da babur ke yi a giya ta biyu idan ana tafiya a hankali ya ɓace. Fashe-fashen sakin totur suka ragu har kusan babu. A giya ta biyar, wadda ita ce ta ƙarshe a wannan babur, ina iya wuce tirela ba tare da na sauko giya ba, abin da a da sai na yi lissafi. Ba zan ce ya zama babur ɗin tsere ba, mataki na ɗaya dawakai kaɗan yake ƙarawa. Amma ƙarfin ya dawo daidai inda hannu ke nemansa, kuma kwalliya ta biya kuɗin sabulu har da riba. Ya ɗan ƙara shan mai, na kuma yafe masa da zuciya ɗaya.

Wanda ke da niyyar zurfafawa, Power Vision na Dynojet ya fi ba da iko, musamman idan akwai gwani mai na'urar gwajin ƙarfi da zai ɗora babur a kai ya saita shi daki-daki. Mai tsohon Sportster kuwa, na 2006 zuwa baya, kafireta gare shi, Keihin mai milimita 40, kuma nasa saitin na sukudireba ne: galibi a ɗaga ƙaramin jet daga 42 zuwa 45, a daidaita sukurun haɗi, a duba launin fulogi. Mai sabon babur da ke da garanti ya yi tambaya tukuna. A 2016 Harley ya amince zai biya tarar dala miliyan 12 ga gwamnatin Amurka kan na'urorin saiti kusan 340,000 da ya sayar waɗanda suka saɓa dokar hayaƙi, kuma tun daga nan saitin da ba a amince da shi ba na iya kashe garantin injin. Irin namu na hannu sun daɗe da wuce wannan.

Idan kuɗin bai kai a sayi ukun a tashi ɗaya ba, ni dai na'urar saiti zan ce a fara saya. Ko da salansar kamfani za ta gyara tafiyar babur, kuma duk abin da aka ƙara daga baya taswira kawai za a canza. Sai salansa, sai matata. Ni yanzu idona na kan mataki na gaba, domin 883 da Sportster 1200 tsawon bugun fistin ɗinsu ɗaya ne, milimita 96.8, faɗin silinda ne ya bambanta girman injinsu, 76.2 da 88.9. A canza silinda da fistin, wannan salansar da wannan matatar su zauna a wurinsu, a sake taswira. Na riga na fara tara kuɗin, in Allah ya yarda.