Jinjina ga Direbobin Hanyar Teku

Shinkafar da ake aunawa a kasuwannin ƙauyukan Isawan, tsakanin Mayahi da Tasawa, ba da ƙafarta ta zo ba. Nijar ba ta da teku, don haka shekara da shekaru tashar jiragen ruwan Kwatano da ke Benin ta kasance ƙofarta, ita ma Benin da kuɗin fiton kayanmu ta riƙa cika aljihu. Direbobin manyan motoci ne suka haɗa zumuncin nan: su ɗauko kaya, su bi Parakou, su haye gadar Malanbil zuwa Gaya, sai Doso, Birnin Ƙonni, Maradi.

Bayan juyin mulkin Yulin 2023 aka rufe gadar. Direbobin ba su ajiye makulli ba. Suka koma tashar Lome, suna ratsa Burkina Faso cikin ayari da rakiyar soja, a jira makonni kafin a tashi.

Ni dai yaron mota na fi tausaya wa. Shi ke kwana ƙarƙashin tirela kan tabarma, butar shayi a gefe, shi ke kwance taya da tsakar rana, ga lada kaɗan. Sannunku da hanya, Allah ya kiyaye.