Masu idon zaɓen iri a ƙasar Adar

Daga Tawa zuwa Kaita, ruwan shekara bai cika wuce milimita 400 ba, damina kuma wata uku ce in ta yi kirki. A irin wannan ƙasa, gwanin manomi tun kafin girbi ake gane shi, ranar da ya shiga gona da ƴar wuƙarsa yana duba zangarniyar gero ɗaya bayan ɗaya.

Ba tsawo kawai yake nema ba. Yana son wadda ta riga ƴan uwanta nuna, ƙwayarta a matse, babu sawun tsutsa, karanta kuma bai kwanta wa iska ba. Yana kauce wa bakin gona da duk inda shibra ta tsiro, domin iska ce ke yawo da bununin gero, kuma abin da ya haɗu da shibra zubewa yake tun yana tsaye. Ba ya ɗiba daga lungu ɗaya. Yakan zagaya tudu da kwari, saboda bai san irin daminar da Allah zai kawo baɗi ba.

Geron iri ba a sussuka shi. A zangarniyarsa ake shanya shi ya bushe ƙayau, a ɗaure daminsa daban, a kai shi can saman rumbun laka inda raɓa da gara ba su kaiwa. Wake kuwa, wanda ƙwaro ba ya ɗaga wa ƙafa, mata ne gwanayensa: a cakuɗa shi da toka ko rairayi a cikin tulu, a liƙe baki da laka. Yanzu buhun PICS mai ruɓi uku yana wannan aiki, shi ma ta hanyar hana ƙwaro iska.

Masu ganin wannan zaɓen iri tsohon yayi ne sai su ji abin da masanan cibiyar IRD ta Faransa suka gano. Sun gwada geron da aka tattara a ƙauyukan Nijar a 1976 da wanda aka sake tattarawa a ƙauyukan a 2003, suka tarar na baya ya fi saurin fitar da kai. Wato da ruwa ya ja baya, hannun manomi ne ya riƙa tura gero ya bi zamani, babu ɗakin gwaji, babu takarda.

Abin da ke karya wannan gwaninta shi ne yunwa. A shekara irin 1984 ko 2005, magidanci kan kai ga sussuka damin irinsa ya ciyar da yara, wa zai ga laifinsa? Da ruwa ya sauka sai ya nufi kasuwa ya auno geron da bai san asalinsa ba, watakila na kudu ne mai son doguwar damina, ya yi ta ganye har ruwa ya ɗauke. Amfanin rumbun iri na gari ke nan: ka ranci tiya lokacin shuka, ka mayar bayan girbi da ɗan ƙari. Amma rumbun bai fi mai tsaronsa ba. Gwani yakan ƙirga ƙwaya a jiƙaƙƙen tsumma ya ga nawa suka tsiro, kuma yana da ƙarfin halin mayar wa ɗan uwansa da gero mara kyau.

Faƙon da aka farfaɗo da shi da ramukan tassa da na rabin wata, da kwarurrukan da aikin raya karkara na Kaita ya gyara tun 1984, duk irin da ya san ƙasar suke buƙata. Cibiyar ICRISAT ta Sadore kusa da Yamai na adana iri a ɗakin sanyi, haka ma babban rumbun Svalbard na Norwe da aka buɗe a 2008, kuma da yawa daga abin da ke cikinsu daga gonakin talakawa aka tattaro shi.

Don haka masu kawo tallafin iri Adar, ku fara zama da tsofaffin gari ku ji wanne ke nuna a ƙasarsu, sannan ku iso da shi kafin ruwan shuka.